Wadda Ta Zauna a Kan Akwatin Kyamara

Litinin, 3 ga Maris, 1969, da yamma

Yau na taje gashin jaruma har Goggo Hing ta ƙwace matajin, ta ce zan mayar da shi tsintsiya. Ba gashinta na gaske ba ne. Na saye ne, wanda Yaya Kam-Tong yake ɗaurawa a ka idan zai yi tsalle a madadinta. Ni ce mai kula da shi tun da Goggo ta ɗauke ni aiki a ɗakin kwalliya na kamfanin fim, kuma ba yabon kai ba, babu gashin da ya kai shi sheƙi a duk Hong Kong.

Abin yana ba ni dariya kullum. Jaruma za ta zare takobi, ta ɗaga ido ta dubi rufin masauki, sai a tsayar da kyamara, ta koma kujerarta a miƙa mata shayi. Sai ga yayana ya fito cikin farar rigarta ta siliki, gashi har gadon baya, ƙwauri kuwa kamar na biri. 'Yan tsalle su yi ta yi masa fito.

"'Yammata, ji mana! Ina ne gidanku?"

"Ubanka ma ya tambaya, bai samu ba," in ji Yaya, yana gyara ɗamara.

Baba ne a bakin igiya. A littafin da aka ɗauko fim ɗin, wanda Baba yake bi kullum a jarida, layi ɗaya ne: ta yi sama, ta sauka a bayan maƙiyanta. A wurinmu layin nan maza shida ne suna ja da gudu, da siririyar waya a ƙugun Yaya. Biyar ɗin ɗagawa kawai suke yi. Saukarwa ta Baba ce shi kaɗai. Igiya tana bi ta tafinsa a hankali har ƙafar mutum ta taɓa ƙasa kamar ya taka auduga. Tun kafin a haife ni yake wannan aiki, bai taɓa yar da kowa ba.

Shing, abokin Yaya, ya tsaya a kaina lokacin cin abinci. An kashe shi sau uku yau a fim, jan ruwan da ake shafa musu bai bushe a wuyansa ba. Ya ce, "Lai-Kuen, me kike karantawa haka?" Na ce, "Littafi." Ya yi dariya ya wuce.

Littafi! A cikin bas na shirya amsoshi masu daɗi sun fi goma. Yarinyar da ke cikin littafin nan, da wani ya tare ta a tashar jirgi da lema, ba ta ce masa "lema" ba. Ba komai. Gobe ma rana ce, kuma na san abin da zan ce.

Laraba, 5 ga Maris, da faɗuwar rana

Yaya ya faɗo.

Alhamis, 6 ga Maris, da hantsi

Karaya biyu a ƙafar hagu. Mai ɗori ya ce zai taka, amma ba bana ba. Ɗakinmu duk warin maganin ɗori, ga bango yana gumi saboda hazon nan da ya ƙi tafiya. Mama ta ture kwandunan furen roba da take haɗawa, ta shimfiɗa masa a gadon ƙasa. Ni na koma na sama.

Yaya yana ta wasa. Ya ce wa mai ɗori, "Malam, a hankali, ƙafar budurwa ce." Ba wanda ya yi dariya sai shi.

Maƙwabta suna ta shigowa suna tambayata yadda aka yi, wai ai ina wurin. Ina wurin, e. Na kai wa Baba da Yaya abinci, na zauna a ƙasa a kan tsohuwar jarida, kusa da kayan fitila, ina karatu kafin a tashi. Kaina yana cikin littafi. Ban ga komai ba. Haka na gaya wa matar bene na huɗu, haka na gaya wa mai sayar da kunun shinkafa, haka zan gaya wa duk wanda ya zo.

Gashin ma ya sha ƙura da jini. Na roƙi Goggo Hing ta bar mini shi na zo da shi gida na wanke. Ya fita tas.

Baba bai ci abinci ba. Yana zaune a baranda, hannayensa a ƙarƙashin cinyoyinsa.

Asabar, 8 ga Maris, da yamma

An dakatar da duk aikin waya. Darakta, mutumin Shanghai ɗin nan mai baƙin tabarau, yana ta ɗaukar wuraren da ake zama ana magana, yana zagi da yarensu. An ce ofis suna son a ba su suna. Wani ne ya yi sakaci, a faɗi ko wane ne.

Kowa ya san abin da suna yake nufi. Wanda aka ce ya yar da mutum daga waya, babu ƙungiyar da za ta sake ba shi ko igiyar shanya a garin nan. Da bakin mutane ake ɗaukar aiki, da shi ake kora.

Ni ban damu ba. Waya takan tsinke, ƙarfe yakan goce, kowa ya sani.

Da muna cin abinci tsinkayen da Baba yake ɗaukar abinci da su suka riƙa buga bakin kwano, ƙas ƙas ƙas. Mama ta tashi ta ɗauko masa cokali, ta ce kifin ya yi laushi da yawa, ba ya tsinkuwa. Kifin kuwa busasshe ne. Na ce ni ma a ba ni cokali. Yaya daga gado ya ce shi ma. Muka ci busasshen kifi da cokali mu huɗu.

Sanyi ne. Hazo yana sa haka.

Litinin, 10 ga Maris, da tsakar rana

An maido ni gida.

Tun daga bakin ƙofar kamfani na ga alama. Masu fitila da suka saba ce mini "ƙanwar amarya" saboda shigar matan Yaya suka kau da kai. Wani ya jawo akwatin kyamara ya matsar da shi gefe da na zo wucewa, kamar ina ɗauke da wuta.

Goggo Hing ta rufe ƙofar ɗakin kwalliya ta ce, "Ke, ranar Laraba a ina kika zauna?"

"A ƙasa, Goggo."

"An ce a kan akwatin kyamara."

Ko yarinyar goye ta san mace ba ta zama a kan akwatin kyamara. Ranar da na fara aiki, kafin a nuna mini inda banɗaki yake, wannan aka fara gaya mini. Jaruma da kanta, da duk kuɗinta, kewaye shi take yi.

Na ce, "Wa ya ce? Ya zo ya faɗa a gabana." Ni da kaina na yi mamakin muryata.

Goggo ta ci gaba da tsefe gemun saye na wani tsohon malamin takobi, wanda ta ɗora a kan katako, ba ta dube ni ba.

"Ba wanda ya ce. Kowa ya ce."

"Ban zauna ba."

"Na ji. Shekarunki nawa?"

"Sha shida."

"Sha shida. Shekara biyu nan gaba kin yi aure, wa zai tuna inda kika taɓa zama? Uban wasu kuwa ya haura hamsin." Ta busa gemun. "Dole dai wani ya zauna a kan akwatin nan, Kuen. Ki je gida ki yi tunani."

Na yi tunanin tun daga kamfani har gida. Ban yi kuka a bas ba. A littattafai nan ne ake jingina kai da taga a yi hawaye, amma tagar tamu wani ya tofa mata yawu.

Talata, 11 ga Maris, da safe

Ban zauna ba. Ina so a rubuce a wani wuri.

Alhamis, 13 ga Maris, da yamma

Sifu Fung, maigidan 'yan tsalle, ya zo da kansa da ledar lemo. Mutumin da ko bikin 'yarsa ba a ga haƙorinsa ba. Ya hau bene shida yana haki, ya duba ƙafar Yaya, ya ce, "Ɗan banza, ka sami hutun da kake nema." Ya zauna da Baba suka sha shayi. Mama ce ta zuba, ta kuma cika wa Baba rabin kofi kawai.

Ina bayan labule ina haɗa furen roba, ina jin komai.

Sifu ya ce ya je ofis ya gaya musu babu sakacin kowa. Wurin ne ya ƙazantu, yarinya ta zauna inda ba a zama. Darakta ya yi tsaki ya ce shi bai yarda da wannan shirme ba, amma mai kamfani ya yarda, shi da ba ya aske gemu sai ya duba littafin ranaku. An duba. Juma'a ta sama rana ce mai kyau. Za a gasa alade, a kunna turare, a rufe kyamara da jan ƙyalle kamar ranar da aka fara fim. Yarinyar za ta durƙusa ta miƙa shayi ta nemi afuwa. Shi ke nan, a koma aiki.

"Ba wanda za a kora, Mak," in ji Sifu. "Ka ji ko? Ba wanda za a kora."

Na jira ya ce 'yata ba ta zauna ba. Na jira har Sifu ya shanye shayinsa.

Da zai fita ya ɗaga labulen da yatsa ɗaya ya ce, "Ke ce ko? Kin iya riƙe kofi da hannu biyu?"

Na ce, "Na iya, Sifu."

Ya daɗe yana kallona. Ya ciro lemo ɗaya daga aljihu, wanda bai sa a leda ba, ya ajiye a kan furannina.

Zan yi. Durƙuso ne kawai da kofi. Yarinyar littafin da na gama jiya ta auri mutumin da ba ta so don ta ceci kantin ubanta, ni kuwa gwiwa kawai ake nema a wurina. Na ma fi ta sa'a.

Asabar, 15 ga Maris, da hantsi

Mama ta kai furanni masana'anta, Baba ya fita yawonsa. Ni da Yaya kaɗai. Ya sa ni na karanta masa labarin takobi na jaridar yau, ya yi ta katse ni.

"Tsaya. Ya tsallake kogi da ƙafa ɗaya? Marubucin nan a ɗaura masa waya rana ɗaya, wallahi gobe kowa a littafinsa da ƙafa zai riƙa tafiya."

Da na gama ya dubi katakon gadona.

"Kuen, ba dole ba ne fa."

"Na sani."

"In kin ƙi, ni zan ce ƙafata ce ta zame a rufi."

"An ɗauka a kyamara, Yaya. Ba ka zame ba."

"To waya ce ta tsinke."

Wayar tana ƙugunsa lokacin da aka ɗauke shi, lafiyarta lau, ni na taya Goggo kwance ta daga rigar. Shi ma ya sani. Wanda yake sama yana jin igiya a jikinsa, ya san lokacin da hannu yake kanta da lokacin da babu.

Ya ce, "Karanto mini naki. Wanda ake kuka."

Na karanta masa shafi biyu. Ya ce saurayin rago ne, da shi ne da tuni ya haura katanga. Bai san komai ba game da soyayya.

Litinin, 17 ga Maris, da yamma

Shing ya zo duba Yaya. Na buɗe ƙofa da tsohon wandon Mama, da zaren roba a gashina. Haka rayuwa take.

Ya kawo gyaɗa, suka yi ta surutu. Ni ina gefe kamar ba na ji. Can ya juyo ya ce, "Lai-Kuen, an ce gashin yana wurinki. Ki gyara shi da kyau, ni zan gaje shi a tsallen."

Yaya ya fashe da dariya. "Kai? Da wannan kafaɗar? Za a ce jaruma ta koma dako."

"Ba ruwanka. Na fi ka ƙugu."

Na ce, "Wane tsalle?" Magana ta fito kafin na shirya ta.

"Wanda ya kayar da yayanki mana. Daga rufin masauki. Ranar Juma'a ana gama cin alade za a ɗauka, tun turare bai mutu ba."

"Wa zai riƙe?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan garinmu. "Kawu Mak mana. Wa kuma? Ni in ba shi ba ne a bakin igiya, ko kan tebur ba na hawa."

Yaya ya daina dariya. Ya ce ƙafarsa tana zogi, yana son ya kwanta.

Ban yi tunanin wannan ba. Na ɗauka durƙuso zai rufe magana. Ashe in wurin ne ya ƙazantu, to da an wanke shi kowa zai koma inda yake tsaye. Sifu ba zai iya ɗauke Baba daga igiya ba, don in ya ɗauke shi ya ba ofis sunan da suke nema ke nan. Baba kuma ba zai ce a ɗauke shi ba. Na san ubana.

Da Shing zai tafi ya ce, "Kada ki ji tsoron Juma'a. Kowa yakan yi kuskure. Ni ina ganin ma gajiya ce ta sa kika zauna."

Shi da gaske ya yarda cewa na zauna. Shi kaɗai ne a duk kamfanin, ina jin.

Laraba, 19 ga Maris, da sassafe

Na hau saman bene shanya. Baba yana can bayan tankin ruwa. Ya ɗaura bokiti cike da ruwa a igiya, ya rataya ta kan ƙarfe, yana saukarwa a hankali. Ya yi na farko lafiya. Ya yi na biyu lafiya. Na ji daɗi har na kusa kiransa. A na uku igiyar ta suɓuce masa, bokitin ya kife a ƙasa.

Na sauko da kayan shanyar a jiƙe. Mama ta ce me ya faru, na ce hazo ya yi yawa. Ba ta tambayi ƙarar bokitin ba, alhali duk benen an ji.

Alhamis, 20 ga Maris, da yamma

Na taje gashin, na naɗe shi a takarda. Na goge rigata mai ruwan toka.

Na gwada maganar a gaban madubin banɗaki har matar bene na huɗu ta buga ƙofa ta ce ko haihuwa nake yi. Na san abin da zan ce. Ba a littafi na samo ba, na duba, babu. Wannan nawa ne.

Mama ta ce, "Ki yi abin da aka ce kawai, kin ji? Ki durƙusa, ki miƙa, ki tashi." Na ce to.

Juma'a, 21 ga Maris, da la'asar

Zan rubuta tun yana da zafi.

An jera tebur a gaban masaukin katako, da alade jajawur, da lemo, da kaza, da gunki mai jan fuska a tsakiya. Kyamara tana lulluɓe da jan ƙyalle. Mutane sun fi yadda na zata: 'yan tsalle, masu fitila, kafintoci, har jaruma da lemarta. Shing ya riga ya sa farar rigar, saura gashi. Baba yana tsaye a inda ya saba, safar fata a hannu, igiya a naɗe kusa da ƙafarsa.

Kowa ya soka tsinken turarensa a gaban gunkin. Sai Sifu ya zauna a kujera, Goggo Hing ta ɗora mini kofi a hannu, ta raɗa mini, "Kada ki zubar." Ban zubar ba. Na taka har gabansa, na durƙusa a kan tsakuwa.

Na ce, "Sifu, ni ce na zauna a kan akwatin kyamara. A yafe mini."

Ya miƙo hannu zai karɓa. Ban saki kofin ba.

Na ce, "Akwai saura."

Wani a baya ya ce, "Ke yarinya, sakar masa shayi mana!" Aka yi 'yar dariya. Kunnuwana kamar an zuba musu garwashi. Amma na ɗaga murya yadda na gwada, har sai da ta dawo mini daga bangon masaukin.

"Abin da na jawo bai faɗa kan kowa ba sai kan jinina. A kan yayana ya sauka, ba wani ba. Ke nan gidanmu ya shiga, alade ba zai fitar da shi rana ɗaya ba. Ina roƙo, har a gama fim ɗin nan, kada wani ɗan gidanmu ya taɓa waya ko igiya. Ni ma kada na sake shigowa nan. Ina tsoron kada na ɗauki alhakin wani."

Ina jin ƙarar kitsen alade yana ɗiga a faranti. Ban dubi Baba ba. Idona yana kan takalmin Sifu, wanda ɗinkinsa ya farke a babban yatsa.

Darakta ya tambayi tafinta me nake cewa. Aka gaya masa. Ya ɗaga hannu sama ya yi wata magana da yarensu, na tabbata ba yabo ba ne.

Sifu ya yi gyaran murya. Ya ce, "Haka ne. Haka tsofaffi suke yi. Ni ne na manta."

Babu wasu tsofaffi. Jiya na ƙirƙiro maganar a banɗaki. Amma wani tsohon kafinta ya gyaɗa kai ya ce shi ma ya taɓa ji a wurin kakansa, sai kowa ya fara tunawa. Mai kamfani ya aiko yaronsa ya ce a yi yadda al'ada ta ce, kada a rage komai.

Sifu ya karɓi shayin ya kurɓa. Sannan ya juya ya ce, "Mak, ka ji abin da 'yarka ta jawo maka. Cire safar nan ka ba Dogo Pang, na bayanka a layin ja. Amma ba inda za ka. Maƙogwarona ya mutu da ihu, kai za ka tsaya gefen kyamara ka riƙa kiran ja da saki. Ido da baki ai ba sa taɓa igiya."

Shing ya ce, "Sifu, ni fa in ba Kawu Mak ba..."

"Rufe mana baki, amarya. Shi zai gaya wa Pang lokacin da zai numfasa ma. Je ka sa gashinka."

Baba ya dubi igiyar da ke kusa da ƙafarsa. Sannan ya cire safar, yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa. Fuskarsa ta yi launin toka.

Goggo ta karɓi gashin daga hannuna, ta raka ni har bakin ƙofa. Ta cusa mini yankan alade a takarda ta ce, "Shegiya. Ashe kina magana." Idonta ya yi ja. Ta ce hayaƙin turare ne.

Ban ga tsallen ba. Ina tsaye a tashar bas na jiyo muryar Baba daga bayan katanga, sannan shiru, sannan tafi.

Asabar, 22 ga Maris, da yamma

Baba ba ya yi mini magana. In yana son gishiri sai ya tambayi Mama, ko da yana gabana.

Litinin, 24 ga Maris, da tsakar rana

Yanzu furen roba ne aikina daga safe har yamma. Yatsuna sun yi kore. Mama ta ce na fi ta sauri, amma ina haɗa ganye a inda fure ya kamata in na tafi tunani.

Shing ya aiko wa Yaya saƙo: tsallen ya yi kyau, an ɗauka sau ɗaya. Ya ce a gaishe ni, kuma wai sabuwar yarinyar ɗakin kwalliya ba ta iya taje gashi ba, yana cizon sa a ƙeya. Na sa Yaya ya maimaita. Ya ce, "Cewa ya yi gashi yana cizo, bai ce zai aure ki ba." Na jefe shi da fure.

A unguwa kuwa labari ya iso. Matar bene na huɗu ta ɗauke kujerarta da ta ga zan wuce. Na gaishe ta da kyau. Nan da wata ɗaya za a sami wata a yi da ita.

Ɗakin kwalliyar ne kawai nake ji a raina. Warin man gashi, da takubban gwangwani a jingine, da yadda wuri yake yin shiru kafin mutum ya tashi sama.

Alhamis, 27 ga Maris, da safe

Mama ta fita layin famfo, Yaya yana barci. Baba ya sa rigarsa ta fita, mai maɓallan zare. Ina ganinsa ta gefen ido yana fama da na wuya. Ya kama ya suɓuce, ya kama ya suɓuce. Da can sai ya juya baya, ko ya fita da shi a buɗe ya ce zafi.

Yau bai juya ba. Ya ce, "Kuen. Zo."

Na je na tsaya a gabansa. Na kama maɓallin. Ya ɗora hannunsa na dama a kafaɗata, ina jin sa yana karkarwa har cikin ƙashina, kuma bai ɗauke ba.

"A ina kika zauna ranar?"

"A ƙasa, Baba."

"Na sani. Na gan ki. Da kika ɗago kai ma na gan ki."

Na sa maɓallin. Na gyara masa wuyan rigar, ko da yake ba abin da ya same shi.

"Wa ya koya miki maganar tsofaffin nan?"

"Ba kowa."

"Fung yana ta gaya wa mutane wai malaminsa ne ya koya masa tun yana yaro." Ya yi wani sauti ta hanci, ban sani ba ko dariya ce. "Gobe ma ki sa mini. Uwarki tana shaƙe ni."

Ya ɗauki kwanon abincinsa ya fita. Na leƙa ta baranda. Yana sauka bene yana gwada kiran, a hankali da farko, sannan da ƙarfi: "Ja! Riƙe! Saki, a hankali, a hankali!" Wani daga bene na uku ya leƙo ya ce, "Tsoho Mak, mutane suna barci!" Baba ya ce, "To su tashi!"

Har ya kai ƙasa ina jin sa. Muryar ba ta rawa ko kaɗan.